Kayan Aikin da Kafinta Yake Kaiwa Gida

Akwai wani kafinta da labarinsa ya tsaya mini a rai, 'yan uwa masu bibiyar wannan shafi. Aikinsa buga silin ne, irin na asbestos ɗin nan, farin allo mai ƙwari da ake rufe saman ɗaki da shi. Abokan aiki suna kiransa Ƙirjin Ƙarfe, shi kuma sunan yana yi masa daɗi, har yakan bugi ƙirjin in an faɗa.

In ya kunna injin yanka, ƙura takan turnuƙe ɗakin har ba ka ganin na kusa da kai. Haka zai fito fari fat, gira da gashin baki duk sun yi furfurar dole. Ya fyace hanci, ya ce a miƙo wani allon.

A cikin abokan aikin akwai wani dattijo da ba ya wasa da ƙurar nan. Sai ya jiƙa allo da ruwa kafin ya yanka, ya rufe hanci da baki. In an tashi kuma ya tuɓe kayan aikinsa, ya ƙulle a leda, ya bar su a wurin. Shi ya sa suka laƙaba masa Malam Takunkumi.

Wata rana dattijon ya ja kafintan gefe ya ce, "Ko ba za ka ji tausayin kanka ba, ka daina kai kayan nan gida. Maigidan da ya koya mini aiki ƙurar nan ce ta ci shi. A zaune ya cika, yana neman iska."

Ƙirjin Ƙarfe ya yi dariya ya ce, "Baba, kwanansa ne ya ƙare. Shekara goma ina shaƙa, ko mura ban taɓa yi ba. Kuma ni ina da mai yi mini wanki a gida, ba kamar wasu ba."

Aka kwashe da dariya. Dattijo ya koma kan aikinsa.

Gaskiya ne yana da mai wanki. Matarsa mace ce mai tsafta har ta yi yawa, ba ta yarda kayan aikin mijinta su kwana da datti. Da ya shigo za ta karɓi riga da wando, ta shiga ɗan lungun da take wanki, ta yi ta buga su a jikin katanga. In ba ta kakkaɓe ba, ruwan wankin yakan yi kauri kamar fenti, sabulu ya ƙi kumfa. Har aljihu take juyewa. Ƙurar ta taso mata a fuska, ta yi atishawa sau biyu, ta ci gaba da aikinta.

Haka aka yi shekara da shekaru. Yara suka girma, kafinta ya buɗe shagon kujeru, ya bar wa ƙanensa aikin silin. Gidan ƙanen katanga ɗaya ce ta raba shi da nasu.

Sai matar kafintan ta fara gajiya. Sharar ɗaki ɗaya sai ta huta sau uku. Bokitin ruwa ya gagare ta. Ga busasshen tari da ba ya fitar da komai. Aka sha maganin tari na kemis kwalba-kwalba, aka yi gwajin tarin fuka, ba shi ba ne. Daga ƙarshe aka ɗauki hoton ƙirjinta.

Likita ta daɗe tana duban hoton, sannan ta ce, "Mama, wane aiki kika yi a rayuwarki?"

Mijin ya riga ta amsawa, har da ɗan alfahari. "Ba ta taɓa aikin komai ba, likita. A gida take."

"To kai fa, Malam?"

"Kafinta ne. Silin na asbestos na yi, kusan shekara ashirin da biyar."

"Wa yake wanke maka kayan aiki?"

Matar ce ta ce a hankali, "Ni ce."

Likita ta yi musu bayani ba ɓoye-ɓoye. Ƙurar asbestos 'yan siraran zaruruwa ne da ido ba ya gani. In sun shiga huhu ba sa fita, kuma sukan yi shekara ashirin ko talatin kafin ciwon ya bayyana. Huhun matar ya yi tabo, ya sandare. Za a iya sauƙaƙa mata numfashi, amma tabon ba ya gogewa. Ta ce shi ma dole a duba shi.

Ranar ƙirjin nan na ƙarfe ya narke. Da suka koma gida ya gyara mata matashi ta jingina, don ta daina iya kwanciya a miƙe. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

Ya ce, "Maman yara, an faɗa mini. Da kunnena na ji, na yi wa mutumin dariya. Ki yafe mini."

Ta ja numfashi da ƙyar ta ce, "Na yafe, Malam. Yi shiru ka saurara."

Ya kasa kunne. Daga bayan katanga ana jin bugun tufa, fat, fat, fat. Ƙanensa ya dawo daga aiki, matarsa tana kakkaɓe masa kaya.

Matar kafinta ta ce, "Da goyo a bayanta take yi."

Ko takalmi bai tsaya sawa ba, ya fita da gudu.

Darasi: Kada lafiyar da kake ji yau ta sa ka raina mai yi maka gargaɗi, don ba kai kaɗai kake shaƙar abin da kake kawowa gida ba. Silin asbestos in yana nan lafiya a bar shi, kada a fasa. In cirewa ta zama dole, a nemi waɗanda suka san aikin, a jiƙa shi, a rufe hanci da takunkumin kirki, kayan aiki kuma kada su shiga gida. Wanda ya taɓa yin aikin, shi da mai yi masa wanki su je a duba musu ƙirji. Ku tura wa duk kafinta da magini da kuka sani, ku ce ya karanta wa matarsa.