Bugun da Babu Mai Shaida

Akwai wani mutum a wani gari mai duwatsu, wanda ya yi aikin awon filaye da hanyoyi tun yana saurayi har furfura ta rufe masa kai. Mutane suna kiransa Baban Keziya. Da ya yi ritaya, sai ya ga rana ta yi masa tsawo. A dā, kafin ya karya kumallo mutane sun taru a ƙofar gidansa suna neman shawara. Yanzu kuwa sai ya wuni a baranda ba wanda ya yi masa sallama. Abu ɗaya ya rage mai faranta masa rai, shi ne ƙwallon lambu, wasan nan da ake kira golf.

Ga yadda wasan yake. Mutum yakan ɗauki sanda ya bugi 'yar ƙaramar farar ƙwallo, ya bi ta a ƙafa, ya sake bugu, har ta faɗa rami. Haka zai yi ta yi, rami bayan rami, har goma sha takwas. Wanda ya gama da bugu kaɗan shi ne gwani. Amma domin mai ƙarfi da marar ƙarfi su iya wasa tare, kowa yana da lambarsa ta rangwame, wato yawan bugun da ake yafe masa. Lambar ɗan koyo babba ce, ta gwani kuwa ƙarama. In mutum ya yi wasa mai kyau, abokin wasansa ya sa hannu ya shaida haka aka yi, sai lambar ta ɗan sauka.

Mutumin nan yana da aboki, wani tsohon malamin makaranta mai suna Malam Barnaba, mai yawan labari da dariya. Shekara da shekaru tare suke zuwa filin da yamma, tare suke komowa.

Wata rana Baban Keziya ya zauna ya yi tunani, ya ce a ransa, “Lambata goma sha shida ce, ta daɗe a wuri ɗaya kamar dutse. Kafin in cika shekara saba'in zan sauko da ita ƙasa da goma.” Da yake mai awo ne, bai tsaya ga fata kawai ba. Ya raba burin ƙanana ƙanana. Da fari ya sa wa kansa gyaran gajeren bugu na kusa da rami, gama a nan ne ya fi yin asara. Bayan wannan ya ɗaura yaƙi da fushinsa, domin ya lura in bugu ɗaya ya ɓaci, fushi yakan ɓata masa uku na gaba. Ya rage tuwon dare, ya ƙara tafiya a ƙafa.

Abin kuwa ya yi albarka. Jikinsa ya yi sauƙi, barcinsa ya yi daɗi, ya sami dalilin tashi da safe. Matarsa ta yi ta gode wa Allah, ta ce mijinta ya dawo mata. Lambar ta soma sauka. Malam Barnaba ya fi kowa murna, yana ta yi masa kirari a gaban mutane.

Amma a kwana a tashi, sai Baban Keziya ya soma jin abokinsa ya zame masa nauyi. Malam Barnaba ya yi sanyi ƙwarai. In ya buga ƙwallo sai ya tsaya yana tambaya inda ta faɗa, ko da kuwa ga ta can fili a tsakiyar ciyawa. In suna tafiya sai ya manne wa Baban Keziya a kafaɗa yana zuba labari, ba ya yarda a yi masa nisa. Kafin ya samo ƙwallonsa ya daidaita tsayuwarsa, hannun Baban Keziya ya huce, hankalinsa ya rabu, bugunsa ya karkace. Sau da dama duhu yakan same su ba su gama ba.

Baban Keziya ba mugu ba ne. Bai yi wa abokinsa tsawa ba, bai faɗa masa magana mai zafi ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya sauya lokaci. Ya ce masa yamma ta soma yi masa wuya, zai riƙa zuwa da sassafe, ya kuwa sani sarai Malam Barnaba ba ya iya fitowa da sassafe. Malam Barnaba ya yi murmushi ya ce ba komai, Allah ya ba da sa'a.

Daga nan mutumin ya riƙa wasa da duk wanda ya tarar, yawanci 'yan kasuwa da ma'aikata masu sauri, waɗanda ba su da lokacin labari. Lambar ta ci gaba da sauka har ta kai goma. Saura wasa ɗaya mai kyau, buri ya cika. Ranar haihuwarsa kuma ta matso.

Ran nan da damina, aka kwana ana ruwa. Wanda suka yi alkawari da shi bai zo ba, ba kuwa wanda ya zo. Baban Keziya ya dubi filin, ciyawa ta yi shar, iska ta kwanta, ya ce bari ya ɗan motsa hannu tun da ya riga ya fito. Bugun farko ya tafi sak. Na biyu haka. Ramin da ya saba ba shi wahala ya wuce shi kamar wasan yara. Tun da ya soma riƙe sanda bai taɓa jin hannunsa da idonsa da zuciyarsa sun zama abu ɗaya kamar wannan safiya ba.

Akwai wani rami a bayan wani babban dutse, wanda kowa yakan kewaye shi don tsoro. Shi kuwa ya ɗaga ƙwallon ta haye dutsen, ta sauka, ta gangara a hankali, ta tsaya a bakin ramin. Murna ta kama shi, ya juya hagunsa ya ce, “Ka gani?”

Ba kowa a wurin. Sai balbelu biyu suna kiwo a cikin ciyawa.

Ya gama wasan, ya lissafa, ya ga ya wuce abin da yake nema. Ya san doka, amma duk da haka ya jira har magatakardan kulob ɗin wasan, mai riƙe da lissafin lambobi, ya zo, ya ba shi labari. Magatakardan ya saurara da ladabi, sa'an nan ya ce, “Baba, ni na gaskata ka, ban taɓa jin ka yi ƙarya ba. Amma wasan da babu mai shaida ba ya shiga lissafi. Da Malam Barnaba yana nan, da magana ta ƙare.” Ya ƙara da cewa sun daɗe ba su ga Malam ɗin ba, tun kafin ruwan fari, yana fata dai lafiya.

Maganar nan ta fi rashin lambar yi wa Baban Keziya zafi. Shi duk a zatonsa abokinsa yana nan yana wasansa da yamma tare da waɗansu. A coci ma sukan gaisa ta nesa ne, shi ya ɗaga hannu ya wuce, bai taɓa lura cewa hannun abokinsa ba ya ɗaguwa ba.

Bai biya gida ba, ya zarce gidan Malam Barnaba. Ya same shi zaune a gindin mangwaro, rediyo a cinyarsa. Ya shigo ta ƙofa, ya tako har tsakar gida, Malam Barnaba yana duban wajensa amma fuskarsa ba ta sauya ba. Sai da ya yi sallama tukuna tsohon ya zabura, fuskarsa ta cika da haske, ya miƙa hannu yana lalube a iska.

Matar Malam Barnaba ce ta faɗi abin da mijinta ya ɓoye. Ta kawo ruwa, ta zauna a kan tabarma, ta ce idanunsa sun fi shekara suna dushewa. In ƙwallo ta tashi daga sandarsa, ba ya ƙara ganinta. Muryar abokinsa yake bi a filin nan, shi ya sa yake jan labari don kada muryar ta yanke. Bayan da aka sauya lokaci, sau ɗaya ya gwada wasa da waɗansu, ya yi ta yawo a ciyawa suna jiransa, kunya ta kama shi, ya dawo ya tura sandunansa ƙarƙashin gado. Ya kuma hana ta gaya wa kowa, ya ce kada a ɗora wa Baban Keziya kaya alhali ya kusa kai gaci.

Malam Barnaba ya juyo wajen Baban Keziya, ya ce, “Bar wannan, ɗan'uwa. Yaya lambar? Ta sauka?”

Sai ya ba shi labarin safiyar nan, tun daga ramin farko. Malam Barnaba ya san filin kamar tafin hannunsa, ya lumshe ido yana bi, yana tambaya ko ƙwallon ta wuce itacen ɗorawa, ko ta tsallake kwazazzabo. Da aka zo kan dutsen nan, ya sa aka maimaita masa, ya yi ta dariya yana buga cinya kamar shi ya yi bugun. Baban Keziya yana kallonsa, hawaye suka zubo masa.

Ya ce, “Malam, na yi maka laifi. Ba yamma ce ta yi mini wuya ba, kai na guje wa. Na ga kana jinkiri, ban tambayi dalili ba. Ka gafarta mini.”

Malam Barnaba ya ce, “Na sani tun ranar. Na kuwa gafarta tun ranar. Amma ni ma ina da nawa. Da na buɗe baki na ce maka ba na gani, na san ba za ka bar ni ba. Girman kai ne ya rufe mini baki.”

A makon nan Baban Keziya ya kai shi asibitin ido a motarsa. Likita ya ce ido ɗaya ya riga ya tafi, amma za a iya tsare abin da ya rage a ɗayan, da an ƙara jinkiri kuwa da shi ma ya bi. Bayan an yi masa magani ya warware, suka koma filin da yamma. Baban Keziya yakan ajiye masa ƙwallo, ya juya masa kafaɗa ta fuskanci rami, ya faɗa masa nisan wurin, gama awo aikinsa ne. Ranar cikarsa saba'in ta zo ta wuce, lambarsa ba ta sauka ƙasa da goma ba, har ma ta ɗan hau. Bai yar da burinsa ba. Ya ƙara wa kansa lokaci, ya ci gaba da gyaran bugunsa, amma bai ƙara barin abokinsa a baya don neman sauri ba.

To, 'yan'uwa, ma'anar wannan misali ita ce: filin nan shi ne rayuwar da Allah ya ba kowannenmu, lambar kuwa ita ce duk abin da muka sa a gaba muna so mu ci gaba a cikinsa. Kada wani ya fita daga nan ya ce an hana buri. Buri ne ya tā da mutumin nan daga kujera, ya warkar masa da fushi, ya mayar wa matarsa da mijinta. Allah ba ya jin daɗin rago. Ɗalibi ya sa wa kansa ma'auni a karatu, mai shago ya sa a ciniki, mai bi ya sa a addu'a da karatun Maganar Allah, ya raba shi ƙanana, ya yi ta bi da haƙuri. Wannan daidai ne.

Inda mutumin ya yi tuntuɓe shi ne ranar da ya soma auna abokinsa da ma'aunin burinsa, ya ga ya zama asara. Mu ma haka muke yi, ba da mugunta ba. Ba ma zagi, ba ma kora, lokaci kawai muke sauyawa. Tsohuwar da take maimaita labari ɗaya, mijin da ya yi sanyi, 'yar ƙungiyar mawaƙa da ta soma makara, ɗan da ba ya gane karatu da wuri, sai mu kewaye su a hankali mu ce aiki ya yi yawa. Sau da yawa kuwa jinkirin da yake ba mu haushi ciwo ne wanda mai shi ya ji kunyar faɗa. Kafin ka yi gaba ka bar mutum, tsaya ka tambaye shi abin da yake damunsa.

Kai kuma da kake kamar Malam Barnaba, kana fama a ɓoye don kada ka zama kaya, ka sani shirunka ba tawali'u ba ne. Ubangiji ya sa mu cikin jiki ɗaya domin mai ido ya zama idon marar gani. In ka yi shiru, ka hana ɗan'uwanka aikin da Allah ya ba shi, kai ma ka jinkirta maganinka.

Game da wasan da bai shiga lissafi ba, ku tuna da wannan. Allah yana ganin kowane bugu, har wanda aka yi a filin da babu kowa. Amma a ranar da za mu tsaya a gabansa, ba zai tambaye mu lambar da muka kai kaɗai ba. Zai tambaye mu mutanen da ya haɗa mu tafiya da su, ko mun iso tare, ko a ina muka bar su.

Saboda haka kowa ya dubi burinsa na bana, sa'an nan ya dubi hagunsa da damansa. In akwai wanda ya saba tsayawa a wurin, yanzu ba ya nan, kada ka jira ranar Lahadi ka ɗaga masa hannu ta nesa. Ka san hanyar gidansa.