Lissafin da Bai Haye Kogi Ba

Akwai wani matashi ma'aikacin ofishin ƙididdiga, abokan aikinsa suna kiransa Tabbas, don duk abin da aka tambaye shi da wannan kalmar yake buɗe baki. Ƙwaƙwalwa kam yana da ita. Amma jin kai, sai dai addu'a. Ko gaishe shi ka yi, sai ya amsa kamar roƙo ka zo.

Aka tura shi wata gunduma ta karkara ya gano abin da gidan tsakiya yake samu a wata. Wato idan aka jera gidaje tun daga mafi ƙarancin samu har zuwa mafi yawa, nawa ke shiga gidan da ya faɗo daidai tsakiya?

Maganar ba ta wasa ba ce. Hukumar lafiya ta ja layi: gundumar da ta faɗo ƙasa da shi, yaranta za su riƙa samun magani kyauta. Wadda ta haura, ko da ƙiris ne, ba ta ciki.

Lokacin damina ce, kogi ya cika ya batse. Tabbas ya zagaya gidajen bakin titi, na masu shago da masu babur da masu injin niƙa. Ƙauyukan hayin kogi kuwa ya ce ba sai ya je ba. Ai yayarsa can take aure, kuma duk sanda ya kira ta amsarta ɗaya ce: suna cikin rufin asiri. To me zai jiƙa takalminsa a kai?

Da ya haɗa lissafi, adadin ya faɗo sama da layin da ɗan kaɗan.

Wata abokiyar aikinsa da teburinsu ke kusa ta duba, ta girgiza kai. Ta ce gidajen da ya tambaya ba su da yawa, kuma duk daga gefe ɗaya suke. Tunda ba kowa aka tambaya ba, adadin yana iya hawa ko sauka, don haka ya rubuta "tsakanin kaza da kaza", ya kuma faɗi inda bai je ba.

Ya gwada hakan a ɓoye. Sai ga ƙasan adadin ya gangaro ƙarƙashin layin sosai. Ya daɗe yana kallon kwamfutar. Sai ya tuna ana maganar ƙarin girma, kuma a ganinsa mai cewa "wataƙila" bai iya aiki ba. Ya goge, ya bar adadi ɗaya tal.

Ranar zaman hukuma ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Shugaban ya cire tabarau ya dube shi.

"Samari, ka zo dab da layi. In akwai shakka ka faɗa, mu ba ka lokaci ka koma. In na sa hannu, sai bayan shekaru za a sake buɗe maganar."

Abokiyar aikin tana can baya, ta kafe shi da ido. Wallahi kalma ɗaya kawai ake nema a bakinsa, amma ya ji kamar za a tuɓe shi a kasuwa ne.

"Babu shakka, ranka ya daɗe."

Aka sa hannu. Ya samu ƙarin girmansa, har da sabuwar kujera mai juyawa.

Damina ta zagayo, zazzaɓi ya sauka a ƙauyuka. Aka kira shi cewa yayarsa tana asibiti da ƙaramin ɗanta. Ya same ta a kan benci gaban tagar karɓar magani, ta rame, yaron kwance a cinyarta jikinsa zafi rau. Matan gundumar maƙwabta suna nuna katin magani kyauta su karɓa su wuce. Ita kuwa keken ɗinkinta ta sayar kafin ta iya zuwa, kuma kuɗin sun ƙare tun a allurar farko.

Tabbas ya ce ai kullum takan ce masa suna cikin rufin asiri.

"To me kake so in ce? In kai wa ƙanena kuka?"

Ta gyara wa yaron zani, ta ci gaba a hankali, ba tare da faɗa ba.

"An ce wani aka turo ya auna mu, ya ce muna da hali. Ni dai ban ga kowa a ƙofar gidana ba. Kai da kake cikin manya, in ka san shi, don Allah ka tambayar mini shi: a ina ya gan mu?"

Ta miƙa masa yaron, ta ce ya riƙe mata, za ta je ta roƙi mai maganin ko zai ba ta rabi.

Darasi: Cewa "ban tabbata ba" ba gazawa ba ce, gaskiya ce. Idan an ba ka amanar auna halin mutane, ka faɗi abin da ka gani, ka kuma faɗi inda idonka bai kai ba, domin bayan kowane adadi akwai yaron wani. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu sa hannu a madadin jama'a.