Gurbin Hannun Yuzhen

Akwai wani tsohon kafinta a unguwarmu ta bakin ruwa a Suzhou, sunansa Lu Baosheng. Ganinsa ya daɗe da tafiya. Abin da ya fi so a duniya wata kujera ce ta wani katako mai tsada da ake kira huali, wadda ta girmi kakansa, an haɗa ta ba ƙusa ba gam.

A kanta matarsa Yuzhen ta yi shekara arba'in da bakwai tana shan shayi tana yi masa faɗa. Tafin hannunta ya cinye hannun kujerar na dama har ya yi ɗan gurbi mai santsi. Tun da ta rasu, kullum da safe sai ya lalubo gurbin nan, ya ɗora hannu, ya gaishe ta.

Da zai cika shekara tamanin, ɗansa Zhenhai ya zo daga Shanghai shirya biki. Yana son ubansa, amma kunnen ƙashi gare shi.

Da ya dubi kujerar sai ya ce, "Baba, wannan baƙin dattin fa? Mutane za su zo."

"Ba datti ba ne. Tsumma da kakin zuma kawai take so. Ka bar ta."

Zhenhai ya yi dariya. "Kai da ba ka gani, ina ka san yadda ta koma?"

Da tsohon ya tafi kwana uku gidan 'yarsa, Zhenhai ya kai kujerar aka kankare ta da inji, aka fesa mata fenti mai sheƙi.

Ranar biki, taliya na kan tebur, ya jawo hannun uban ya ɗora kan kujerar. "Taɓa ka ji kyautarka!"

Tsohon ya shafa gaba, ya shafa baya, ya sake shafawa. Ko'ina sumul.

"Zhenhai, ina mahaifiyarka?"

"Haba Baba, ai Mama ta..."

"Na san ta rasu. Amma da safe a nan nake samunta."

Ba wanda ya iya cin taliyar nan.

Zhenhai ya ruga wurin wani tsohon abokin aikin ubansa yana kuka. Mutumin ya ce, "Da ƙafar kujerar ce ta karye, da na gyara. Wannan kuwa, sai ka kawo min hannun mahaifiyarka da shekara arba'in da bakwai."

Katanga ɗaya ce tsakanina da su. Tun ranar ban sake jin gaisuwar safiyar nan ba, kuma har yau abin na ci mini rai.

Darasi: Idan babba ya ce ka bar abu, tambayi dalili kafin ka gyara. Abin da kake gani datti, wataƙila shi kaɗai ya rage masa. Ku tura wa masu iyaye a raye.