Inda Rahila Take Shiƙa

A wani ƙauye na kan tudu an yi wani manomi, tsoho, wanda matarsa Rahila ta rasu. 'Yarsa da ke aure a birni ta aiko masa da ƙaramin injin iska mai fukafukai uku, domin ya samu wutar cajin waya. Garinsu babu lantarki, sai ya yi wata guda bai ji muryar jikokinsa ba, abin kuwa yana damunsa.

To, manomi bai san wata hanyar ƙaunar abu ba sai ya kare shi. Ya kafa injin a bayan rumbu, tsakanin katanga da bishiyar mangwaro, inda yake renon dashe. Kowace safiya yana goge shi da tsumma. Kwana goma fukafukan ba su motsa ba, waya tana nan a mace.

Yayarsa Talatu ta zo gaisuwa, ta duba, ta yi dariya.

"Ƙanena, ƙwai aka ba ka ajiya? Wannan abu iska yake ci. A ina Rahila take shiƙar acca?"

Ya san wurin sarai: falalen dutse a bayan gona, inda take ɗaga ƙwarya sama tana rera waƙar sujada, ƙaiƙayi yana tashi, shi kuwa yana ɗaure buhu yana yi mata tsiya cewa muryarta tana korar tsuntsaye. Shekara huɗu ke nan yana kewaye wurin, don kewarta tana yi masa nauyi.

Washegari ya saɓa injin ya hau dutsen, ya zauna ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Kafin ya gama ɗaure ƙarfen injin a kan dutsen, fukafukan suna ta juyawa. Da la'asar ya ji jikarsa ta waya tana cewa, "Kaka, ina ka shiga?"

Ga ma'anar misalin nan. Injin shi ne bangaskiyarmu, iskar kuwa Ruhu Mai Tsarki. Da yawa cikinmu mun ajiye bangaskiya a lungu, muna goge ta ranar Lahadi, muna mamakin rashin ƙarfinta. 'Yan'uwa, kowa yana da wurin da yake kewayewa saboda baƙin ciki ko kunya. Ku ɗauki bangaskiyarku ku je can. Ubangiji ya riga ku isa, ya kuma daɗe yana jiranku.