Mai Gadin Hasumiya da Madubin Hangen Nesa

Ya 'yan uwa, leƙen asirin mutane cuta ce, kuma mai ita ba ya samun zama.

An yi wani mutum mai gadin rumbun auduga. Aikinsa ya hau hasumiya, in ya ga hayaƙi ya buga ƙararrawa. Mai rumbun ya ba shi madubin hangen nesa, irin mai ido biyu, don ya riƙa duba har ƙarshen fili. Ɗakinsa da iyalinsa yana jikin katangar rumbun.

Da farko amana ya riƙe. Sai wata rana ya murɗa madubin, tsakar gidan tela ta zo masa kamar ya miƙa hannu ya taɓa igiyar shanya. Daga nan ya rasa sukuni. Ya leƙa gidan direba, ya koma gidan mahauci, ya dawo. Abinci ma a tsaye yake ci. In ya sauko, bakinsa ya fi ƙafarsa sauri.

Matarsa ta ce, "Maigida, auduga aka ba ka ko matan mutane?"

Ya ce, "Ke dai ba ki san abin da ake yi a garin nan ba."

Ran nan da azahar ya hango wani namiji ya shiga gidan tela, tela kuwa yana shago. Mai gadi ya kafa madubi a ƙofar, ya ƙi ko ƙiftawa. To, madubin nan yana kawo na nesa kusa, amma duk abin da ke gefenka sai ya rufe maka shi. Hayaƙi na tashi a bayansa.

Matarsa ta ƙwala masa kira daga ƙasa, "Ba ka jin ƙauri ne?"

Bai juyo ba. Ya ce, "Bar ni, yanzu zai fito."

Ya fito ɗin. Ashe wan matar tela ne, magani ya kawo mata. Kafin mai gadi ya kai hannu ga ƙararrawa, wuta ta ci rabin rumbu.

Me ya samu, jama'a? Rumbu ya ƙone. Ɗakinsa ya bi. Aiki ya tafi. Matarsa ta ƙone a hannu garin fitar da 'ya'yanta, ta koma gidansu, ta ce ba za ta dawo ba. Tela ma ya daina amsa masa sallama.

Ido amana ne. Kowa ya tsare inda aka ajiye shi. Allah ya kiyaye mu, ya rufa mana asiri duniya da lahira.