Sunan Ɗan Tabawa

Ku ajiye sifanonin nan ku matso inuwa, in ba ku abin da za ku yi gardama a kai har la'asar.

Akwai wata mata a wani ƙauye can kusa da iyaka, sunanta Tabawa. Allah ya halicce ta ba ta yin gumi, ko ɗigo. Mu idan rana ta dake mu, jiki ya jiƙe ya huce. Ita kuwa zafin taruwa yake a cikinta har ta sume. Shi ya sa mijinta, Ladan, ya sayi wata tsohuwar mota mai esi, don kawai ya riƙa fita da ita.

Da ta samu ciki, likita ya ce haihuwarta sai an yi aiki, a babban asibiti, tafiyar awa biyar. Naƙuda kuwa ta taso da hantsi a tsakiyar bazara. Ladan ya sa ta a mota, ya ƙure esi, suka kama hanya.

A rabin hanya akwai wani ɗan gari, Kwanar Gawo. A bakin titi wani tsoho yake zama, Baba Zubairu, wanda ya yi shekara arba'in yana gyaran esi kafin idonsa ya rufe. Motar Ladan tana rage gudu a kwana, sai tsohon ya miƙe ya shiga tsakiyar titi, ya ɗaga sanda. Ladan ya taka birki, ya leƙo a fusace.

"Baba, mai naƙuda na ɗauko!"

"Kashe esin nan, ɗana. Kwamfuresarka tana cin kanta. Kafin ka kai gada za ta cije, ta tsinke bel, ku tsaya a dajin da ba inuwa ba ruwa."

Kun dai san kwamfuresa ita ce zuciyar esi, ita ke tura gas cikin bututai. Ladan yana cikin motar bai ji komai ba. Makaho daga gefen titi, cikin ƙarar babura, ya ji. Da aka kwance kwamfuresar aka zubar da manta, sai ga garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Ladan ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

Matan gari suka shigar da Tabawa wani zaure, suna jiƙa zane suna lulluɓa mata, suna fifita. Amma jiƙaƙƙen zane ba zai kai ta awa biyu da rabi cikin wannan rana ba. Aka zaga garin, babu mota mai esi, babu kuma mai sayar da irin wannan kwamfuresa.

Sai wani tela, Malam Ɗayyabu, ya ce a biyo shi. A bayan gidansa akwai mota irin ta Ladan sak, ta yayansa ce da ya rasu. Giyarta ta mutu, ba ta da taya, tana kan duwatsu shekara tara. Amma kowace Juma'a bayan masallaci sai telan ya tayar da injin, ya kunna esi na minti goma, kamar yadda marigayin ya saba, don kada robobin ciki su bushe. Yakan wanke ragar gaba, ya duba bel, sannan ya zauna a ciki yana yi wa ɗan'uwansa addu'a. Mutanen gari har dariya suke masa, wai yana sanyaya motar da ba za ta je ko'ina ba. Ya san in an cire mata kwamfuresa, wannan zama ya ƙare. Ya shafa sitiyari sau ɗaya, ya ce, "Ku cire."

Saura mai ɗaurawa. Wani bakanike, Sirajo, shi kaɗai ke da kayan cika gas, shi ma yana kwance da zazzaɓi. Ya taso yana rawar ɗari. Aikin nan kun sani, a wanke bututai, a ɗaura, a zuba mai daidai gwargwado, a zuƙe iska da danshi, sannan a cika gas, rabin yini yake ci. Kuma ƙa'ida a jira inji ya huce. Sirajo bai jira ba. Ya zura hannu cikin zafin nan, fatar damtsensa tana salewa, bai ko ce wash ba. Bai tsallake mataki ɗaya ba, don ya ce in ya yi ha'inci a daji motar za ta tona shi. Awa ɗaya da 'yan mintuna ya ce a tayar. Aka tayar. Sai sanyi ya busa, har gilashi ya yi raɓa. Wani dattijo a wurin ya ce, "Allahu Akbar," kowa ya amsa.

Suka isa asibiti. Aka ciro ɗa namiji lafiyayye, uwa ma ta tashi.

Ana jibi suna, Ladan ya ce zai sa wa yaron sunan wanda ya ceci ransa. Tabawa ta ce, "To, wanne daga ciki?" Ladan ya fara lissafi. Ba don kunnen Zubairu ba, da sun wuce garin sun tsaya a daji. Ba don Juma'o'in Ɗayyabu ba, da an san ciwo ba magani. Ba don hannun Sirajo ba, da ƙarfen yana ajiye a ƙasa rana tana yin aikinta.

Yaro ɗaya ne, sunan yanka ɗaya ne, liman yana jira. To, ku da kuka san aikin nan, sunan wa za a raɗa masa?