Ranar da Damo Ya Toshe Bututun Mai

An yi wani Damo mai girman kai, sunansa Barmo, raminsa yana gindin wani tudu. A cikin ramin nan wani baƙin mai yake tsatsowa daga ƙasa, rani da damina. Ba shi ya haƙo man ba. Tarar da shi ya yi.

Ƙasa da tudun akwai fadama, inda garken ɓauna yake kiwo. Shugabarsu Tabawa ce, mai haƙuri, ba ta cika magana ba. Babu abin da ya addabi ɓauna kamar kaska, kuma babu abin da kaska ta tsana kamar man nan. Saboda haka aka haɗa gorori, aka yi bututu daga ramin har fadama. Ɓauna su yi birgima inda man yake zuba, kaska ta kakkaɓe. Su kuma kowace safiya su tattake wa Barmo laka a bakin ruwa, katantanwa su fito fili, ya ci ya ƙoshi.

Akwai kuma Balbela mai tsiwa, Kyallu. Wata rana ta kama Barmo yana shan ƙwan 'yan uwanta, ta tona masa asiri a gaban kowa, shi kuwa ya shiga rantsuwa bai sha ba.

"Ɓarawo mai dogon wuya," in ji ta. "Goge bakinka tukuna, sannan ka yi rantsuwar."

Barmo ya kumbura. Ya kira Tabawa ya ce, "Ku kori balbelun nan daga fadama. In ba haka ba, babu mai."

"Ranka ya daɗe, mene ne namu a faɗanku?"

"Man nawa ne. Wanda ya shafa shi, abokin gabana nasa ne."

Tabawa ta ƙi. Barmo ya cusa laka a bakin bututu. Kwana goma babu mai. Kaska ta cika kunnuwan garke, zazzaɓi ya shigo, ya kwantar da Shekarau, ƙanin Tabawa, wanda tun suna ƙanana kafaɗarsa take gogar tata in suna kiwo. Ya kwanta gindin ɗinya bai sake tashi ba.

Ranar nan garke ya kori balbelu, suka ƙetare kogi. Aka buɗe bututu. Tabawa ta ci gaba da kiwo, amma kullum sai ta bar fili a gefenta na hagu, ba ta ma san tana yi ba.

Barmo ya ga dabararsa ta ci. Da rani ya tsaya, ya sake kiranta.

"Gobe za ki goya ni mu ƙetare kogi, ku ture mini bishiyar da balbelun nan suka yi sheƙa."

"Ba zan yi ba."

"Na ji tsohuwarki ba ta da ƙarfi bana," ya ce yana lasar baki. "Ki yi tunani."

Ya sake toshewa. Wannan karon har da tsakuwa ya haɗa, ya daddanna da wutsiya.

Kwana uku, kaska ta yi wa uwar Tabawa baƙi ƙirin a wuya da hantsa. Tsohuwar ta daina tuƙa. Tabawa ta tsaya a kanta, ta gane irin numfashin nan, don ta taɓa jin sa gindin ɗinya. Nan take ta juya. Ta faɗa kogi ta ƙetare.

Kyallu na ganinta ta ce, "A'a, manyan baƙi. Yau kuma ina za a kore mu, cikin ruwa?"

"Mun yi muku laifi," in ji Tabawa. "Inna ce ba lafiya. Kaska."

"Kaska? Abin da muke wuni muna nema a bayan jakuna? Shekara nawa muna tafe a gefenku muna haɗiyar yawu, kuna warin man nan ba mai iya matsowa. Ko sau ɗaya kun tambaye mu?"

"Ba mu tambaya ba."

"To, ku fara yin wanka. Ni ba na cin abinci a ƙazamin akushi."

Kafin azahar fadama ta yi fari fat da balbelu. Kyallu da kanta ta hau wuyan tsohuwar, tana tsinta tana mita. Washegari tsohuwar ta miƙe ta nemi ciyawa.

Shi kuwa Barmo yana kan tudu yana jiran a zo a durƙusa. Ba wanda ya zo. Laka ta bushe ta tsattsage, katantanwa suka nutse inda farcensa ba ya kaiwa. Abin da bai taɓa tunani ba shi ne, ya toshe bututu, amma ƙasa ba ta daina tsatso da mai ba. Man ya cika ɗakin kwanansa, ya hau zaure, ya koro shi waje. Ya je zai buɗe bututun, ya tarar tsakuwa da laka sun kama kamar dutse.

Ya gangaro fadama yana santsi, baƙi wuluk, haƙarƙarinsa a waje.

"Yaya Tabawa," ya ce, "ki sa ƙaho ki buɗe. Kyauta ma na ba ku. Ki tuna zaman da muka yi."

"Yau ni ce Yaya?" Ta dube shi ta daɗe. "Ina tunawa, Barmo. Kullum. Je ka gindin ɗinya ka faɗa wa Shekarau ka buɗe mai kyauta. In ya tashi, zan zo."

Ta juya ta bi garke. Barmo ya koma tudu, ba gida, ba abinci, yana kallon dukiyarsa tana malala cikin yashi.

Darasin wannan labari shi ne: wanda Allah ya ba abin da maƙwabta suke buƙata, mai ne ko gas ko ruwa, kada ya mai da shi sandar juya su. Sau ɗaya za su ji tsoro su bi. Na biyu za su nemi wata hanya, kuma in sun samu ba sa dawowa. Ku kuma masu saye, kada ku jira sai kun rasa naku kafin ku ƙetare kogi ku tambaya.